Ranar da Hannun Apa Ya Tsaya

Akwai wata yarinya 'yar aji shida a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, kusa da garin Naryn. Tana da ƙane guda ɗaya, sunansa Elaman. Elaman kurma ne tun haihuwa. Da hannu yake magana, da ido yake saurare.

Mutum biyu ne suka iya maganar hannu sosai a gidan, yarinyar da mahaifiyarsu, wadda suke kira Apa.

Da sanyi ya fara shigowa, ciwon zuciyar Apa ya tashi. Ata, mahaifinsu, ya ɗauke ta zuwa asibiti a Bishkek, babban birnin ƙasar, ya tafi da babbar wayarsa. Aka bar yaran a hannun Tayene, kakarsu ta wajen uwa. Wayar Tayene ƙarama ce, irin mai maɓallai. Murya kawai take ɗauka. Murya kuwa ba ta da wani amfani ga Elaman.

Kafin Ata ya tafi, ya kira yarinyar gaban kwamfutar gidan.

Ya ce, "Ta nan za ku riƙa ganin Apa. Ki yi aikin makaranta da ita. Amma kada ki sauke komai sai kin tambayi malamarku."

Ta ce, "To, Ata."

Kullum da la'asar Apa take kira. Tun kafin lokaci ya yi, Elaman zai ɗauko tsumma ya goge allon kwamfutar tas. Da fuskar Apa ta bayyana, sai hannayensa su kama aiki. Ya ba ta labarin ɗan maraƙinsu. Ya nuna mata haƙorinsa da yake girgiɗa. Apa tana dariya daga kan gadon asibiti, tana ba shi amsa da hannu.

Tayene takan zauna a gefen murhu da shayinta, ta ce, "Ji surutu. Mutum ba baki, amma ya fi kowa zance."

Wata rana a makaranta, 'yan ajinsu suna ta hirar wani wasan kwamfuta. Wasan kiwon dawaki ne. Kowa yana faɗin sunan dokinsa. Ita kaɗai ce ba ta da abin cewa.

Wata ƙawarta ta ce, "Ke ba ki da shi? Ai kyauta ne. Ki rubuta sunansa kawai, za ki gani."

Da ta dawo gida, Tayene tana waje wajen tumaki. Elaman yana barci. Ta zauna gaban kwamfuta, ta rubuta sunan wasan. Shafuka suka fito da yawa. Ɗaya yana da babban koren maɓalli mai walƙiya, an rubuta "Sauke kyauta".

Ta tuna maganar Ata. Ta ce a ranta, "Wasa ne fa kawai. In na gama sai in goge."

Ta danna.

Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko ta yarda a yi wa kwamfutar canji. Ba ta tsaya karantawa ba. Ta danna "Na yarda".

Wasan bai buɗe ba. Sai tallace-tallace suka riƙa faɗowa, tana rufe wannan wancan yana fitowa. Ta kashe kwamfutar da sauri, ta koma ta ɗauki littafinta kamar mai karatu.

Da la'asar Elaman ya goge allon kamar kullum. Tsumman da ya ɗauka yana da ɗan danshi, don Tayene ta goge tebur da shi. Yarinyar ta kunna kwamfutar. Suka jira kiran Apa. Shiru.

Ta gwada kira daga wajensu. Bai tafi ba. Ta gwada buɗe shafin makaranta. Shi ma ya ƙi. Fitilun ƙaramin akwatin intanet suna ci kamar kullum, amma ba abin da yake buɗewa.

Can wayar Tayene ta yi ƙara. Ata ne.

Ya ce, "Lafiya? Muna ta kira ba ya shiga."

Tayene ta ce, "Abin naku ne ya ƙi. Ni me na sani a ciki?"

Ata ya sa ta kira masu intanet. Suka duba daga ofishinsu, suka ce layin lafiyarsa lau. Suka ce matsalar daga kwamfutar take.

Tayene ta ajiye wayar. Idonta ya faɗa kan tsumman da ke hannun Elaman. Ta taɓa shi, ta ji danshi.

Ta ce, "To ga shi nan. Ruwa ya sa mata. Na sha jin ana cewa kayan wuta ba sa shiri da ruwa."

Elaman yana kallon bakinta, bai gane ba. Ya juya wajen yayarsa. Ya tambaye ta da hannu, "Me ta ce? Ina Apa?"

Tayene ta ce, "Faɗa masa. Ki ce ruwan tsummansa ne ya lalata ta, don kada ya ƙara."

Yarinyar ta so ta faɗi gaskiya. Sai ta tuna fuskar Ata in ransa ya ɓaci. Ta ɗaga hannayenta a hankali, ta faɗa wa Elaman abin da Tayene ta ce.

Elaman ya dubi tsumman. Ya dubi kwamfutar. Ya ajiye tsumman a ƙasa, ya je bayan murhu ya zauna, ya juya fuskarsa bango.

Tun daga ranar Elaman ya daina magana. Hannayensa kullum suna cikin aljihu. In an zuba masa miyar taliya sai ya juya cokali a ciki ya tashi. Tayene ta soya masa ƙananan fanke, ta buɗe sabuwar kwalbar zuma dominsa. Bai ko kalla ba.

Tayene ta riƙa shafa kansa tana cewa, "Ɗan dukushina, ci ko kaɗan. Ai ba da gangan ka yi ba."

Bai ji ta ba. Ko da ya ji, ba abin da zai canja.

Ita ma yarinyar abinci ya daina yi mata daɗi. Duk lokacin da ba kowa a ɗakin, sai ta kunna kwamfutar. Ta nemo hoton wasan a kan allo ta goge. Ta cire wayar wutar kwamfutar ta mayar. Ta kashe akwatin intanet ta kunna. Duk a banza.

Ana nan, ran nan da rana tsaka, Ata ya sake kira. Tayene ta daɗe tana saurare. Da ta ajiye wayar, sai ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Gobe da safe za a yi wa uwarku aiki. Tana son ta gan ku kafin a shiga da ita. Musamman shi."



Tayene ta yafa mayafinta, ta kama hannun Elaman. Suka bi ta cikin dusar ƙanƙara zuwa gidan maƙwabciyarsu Kunduz, mai babbar waya.

Kunduz ta ce, "Ga ta nan, ku yi ta kira. Sai dai kun san sabis ɗin kwarin nan. Yau ya zo, gobe ya tafi kiwo."

Suka tsaya jikin taga, inda sabis ya fi kamawa. Fuskar Apa ta fito ƙarama, ta rame. Elaman ya zaro hannayensa daga aljihu karon farko. Apa ta fara yi masa magana. Hoton ya tsaya. Ya motsa kaɗan. Ya sake tsayawa.

Muryar Apa tana zuwa a yayyanke. Yarinyar da Tayene suna tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Amma maganar hannu ba ta yiwuwa a haka. In hannu ya tsaya a rabin hanya, maganar ta zama wata daban.

Daga ƙarshe hoton ya daskare gaba ɗaya. Hannun Apa yana sama, tafinsa a buɗe. Sai kiran ya yanke. Suka yi ta gwadawa, bai ƙara shiga ba.

Elaman ya juyo wajen yayarsa. Ya ce da hannu, "Sallama ta yi mini. Ba za ta dawo ba. Don na lalata kwamfuta."

Yarinyar ta ce masa, "A'a. Ba haka ta ce ba."

Ya ce, "To me ta ce?"

Ba ta sani ba. Ita ma ba ta ga ƙarshen maganar ba.

A hanyar komawa gida Elaman bai yi kuka ba. Tayene ce take share ido da bakin mayafi.

Washegari Tayene ta ce dole yarinyar ta tafi makaranta. Ta ce, "Zamanki a nan ba zai riƙe wa likita wuƙa ba. Tafi. Ni zan yi ta addu'a."

Darasin ƙarshe na kwamfuta ne. Malamar sunanta Burul, yara suna ce mata Ejeke, kamar yadda ake kiran kowace malama. Kowa yana aikinsa, ita yarinyar tana zaune, hannayenta a cinya. Da aka tashi, ba ta motsa ba.

Malama Burul ta zo ta zauna kusa da ita. Ta ce, "Na ji yau ake yi wa mahaifiyarki aiki. Allah Ya ba ta lafiya."

Yarinyar ta buɗe baki za ta ce amin, sai kuka ya ƙwace mata. Malamar ba ta hana ta ba. Da ta ɗan lafa, ta faɗi komai. Ta faɗi koren maɓallin. Ta faɗi tsumman. Ta faɗi yadda ta ɗora wa ƙanenta laifi da hannunta.

Malama Burul ta ce, "Me ya hana ki zuwa wajena tun ranar?"

"Tsoro na ji, Ejeke."

"Kin san da kin zo, da jiya kun ga mahaifiyarku sosai?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Wannan maganar ta fi bulala zafi.

Malamar ta buɗe durowa ta ɗauki filashi, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta. Ta ce, "Tashi mu je. Gyara biyu ne a gidanku. Na kwamfuta zan taya ki. Ɗayan kuwa ke kaɗai za ki yi shi."

Tayene ta yi mamakin ganin malama a ƙofa. Ta shimfiɗa mata, ta kawo shayi da gurasa. Malama Burul ta gutsuri gurasar ta ci, don ba a fita daga gidan mutane ba a taɓa gurasarsu ba. Sannan ta dubi yarinyar.

Yarinyar ta durƙusa gaban kakarta. Ta ce, "Tayene, ba Elaman ba ne. Ni ce. Wasa na sauke, bayan Ata ya hana ni."

Tayene ta ajiye butar shayi.

Ta ce, "Kika bar ni na zargi yaron nan? Kina kallo yana ƙin abinci?"

"Ki yafe mini."

"Ni mai sauƙi ce. Ga wanda za ki roƙa can."

Elaman yana bayan murhu. Yarinyar ta je ta taɓa kafaɗarsa. Sai da ta maimaita maganar kafin ya gane.

Ta ce, "Ba tsummanka ba ne. Ba ka lalata komai ba. Ni na lalata. Na yi maka ƙarya."

Elaman ya ƙura mata ido. Fuskarsa ta yi ja. Ya ture hannayenta da ƙarfi, ya tashi ya koma jikin Tayene ya ɓoye fuskarsa. A nan ne kukan da ya riƙe tun jiya ya fito.

Tayene ta rungume shi tana jijjiga shi. Ta ce, "Ni ma na yi laifi, ɗan dukushina. Na yanke hukunci ban bincika ba."

Malama Burul ta kira yarinyar gaban kwamfuta. Ta ce, "Zauna. Ke za ki riƙa dannawa. Fara da cire wayar intanet daga bayanta."

"Don me, Ejeke? Ai intanet ɗin muke nema."

"Abin da kika sauke ba wasa ba ne. Muguwar manhaja ce da aka yi wa rigar wasa. Ba ma so ta yi magana da masu ita muna cikin aiki."

Suka sa filashin. A ciki akwai manhajar da take farautar irin waɗannan cututtuka. Yarinyar ta danna inda aka nuna mata. Wani dogon layi ya fara cika a hankali. Suka zauna suna jira. Tayene tana jan carbi, wayarta a cinya. Har yanzu Ata bai kira ba.

Da layin ya cika, sai sunaye suka fito da jan rubutu.

Yarinyar ta ce, "Amma na goge shi tuntuni."

"Hotonsa kika goge. Shi yana ciki ya yi shimfiɗa, har ya gayyato 'yan'uwansa. Danna nan, a kwashe su duka."

Ta danna. Suka kashe kwamfutar suka kunna. Ta mayar da wayar intanet. Ta gwada buɗe shafin makaranta.

Bai buɗe ba.

Hawaye ya cika mata ido. Ta ce, "Shi ke nan, ta mutu."

Malama Burul ta ce, "Ba ta mutu ba. Ɓarawon ya fita, amma ya bar ɓarna. Kin san allon da ke mararraba, mai nuna hanyar Bishkek? To, kamar wani ne ya juya shi. Duk saƙon da kwamfutarku ta aika, sai ya bi ta gidan ɓarawon. Yanzu gidan a rufe yake, shi ya sa ba abin da ke wucewa. Sai mun mayar da allon daidai."

Ta nuna mata wajen saitin intanet. A can ciki akwai wani ɗan akwati da aka yi wa alama, da wasu lambobi a ƙarƙashinsa.

"Ke kika rubuta waɗannan?"

"A'a, Ejeke."

"To cire alamar. Goge lambobin."

Ta cire, ta goge. Suka sake kashewa suka kunna. Wannan karon shafin makaranta ya buɗe, da hoton ginin da komai.

Yarinyar ba ta yi tsalle ba. Ta dai sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Malamar ta sa manhajar tsaro a kwamfutar. Ta ce a gaya wa Ata ya canja duk kalmomin sirrinsa. Sannan ta ɗauki jakarta.

A bakin ƙofa ta ce wa yarinyar, "Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk abin da yake walƙiya yana kiran ki da kyauta, ki tsaya ki tambaya."

Suka kira Ata nan take. Fuskarsa ta fito sarai, yana tsaye a barandar asibiti. Idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "An fito da ita. Likita ya ce aiki ya yi kyau. Amma ba ta farka ba tukuna."

Tayene ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Yarinyar ta juya ta faɗa wa Elaman. Ya kalli hannayenta, sannan ya kau da kai ya kalli Ata. Sai da Ata ya gyaɗa masa kai ya yi murmushi, sannan ya yarda.

Wannan ya yi wa yarinyar ciwo. Ta gane cewa ƙanenta ya daina gaskata hannunta.

Ta faɗa wa Ata abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Ata ya shafa fuskarsa.

Ya ce, "Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Yau da safe uwarku da kuka aka shiga da ita. Amma na ji daɗi da daga bakinki na ji. In na dawo za mu zauna."

Washegari da la'asar kira ya shigo. Apa ce. Tana kwance, an sa mata allurar ƙarin ruwa a hannu ɗaya. Ɗaya hannun ta ɗaga a hankali.

Abin da ta fara ce wa Elaman shi ne, "Ka rame. Ba ka cin abinci?"

Elaman ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya ce, "Ran nan sallama kika yi mini?"

Apa ta girgiza kai. Ta ce, "Cewa na yi ka jira ni. Ban gama ba abin ya yanke."

Elaman ya juyo ya dubi yayarsa. Da ta ce masa ba sallama ba ce, ashe gaskiya ta faɗa. Ya ɗan matsa gefe a kan kujerar, ya bar mata wuri. Ta zauna. Kafaɗarsa tana jikin tata.

Yarinyar ta ce, "Apa, akwai abin da zan faɗa miki."

Apa ta ce, "Ata ya faɗa mini. Kin roƙi ƙanenki?"

"Na roƙe shi."

"To ki ci gaba da roƙo har ya huce. Ke ce kunnensa a gidan nan in ba na nan. Kunne kuwa ba ya yi wa mai shi ƙarya."

Suna gama kiran, Elaman ya ja rigar Tayene, ya nuna cikinsa. Wannan alamar kam Tayene ta iya ta. Ta tashi da sauri kamar yarinya, ta ɗora tukunya. Ya cinye kwanonsa, ya miƙa a ƙara masa.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, Apa ta dawo gida da ƙafafunta. Elaman ne ya fara hango motar. Ya ruga ɗaki ya jawo yayarsa, suka fita tare.

Tun daga wannan lokaci yarinyar ba ta ƙara sauke wani abu ba sai ta tambayi babba. Ta kuma koyi abin da ya fi wannan muhimmanci. Kowa yana iya yin kuskure. Amma in ka yi, ka faɗa da wuri, kada ka bari wani ya ɗauki laifinka. Kuskuren da aka faɗa yana gyaruwa a yini ɗaya. Wanda aka ɓoye kuwa, mutanen da ka fi so su ne suke shan wahalarsa.